Layuka a Jikin Fileks da Inuwa a Rubutu: Yadda Ake Saita Taku da Zaman Hed a Babban Injin Bugu

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga fileks da sitika. Injina mai faɗin mita 1.8 ne, yana da hed biyu na XP600. Kusan wata guda ke nan ina ganin siraran layuka farare suna ratsa aikin daga gefe zuwa gefe, ƙananan rubutu kuma suna fitowa da inuwa kamar an buga su sau biyu. A makon jiya na buga fileks mai tsawon mita 3, da na auna sai na tarar ya ƙaru da kusan santimita ɗaya, har ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Na wanke hed ya fi sau goma, babu canji. Wani ya ce mini hed ɗin ne ya mutu, in sayi sabo. Shin in saya, ko akwai abin da zan iya gyarawa da kaina?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ta farko ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, ka kuma daina wankin hed ɗin, wato kan da yake fesa tawada, haka nan. Abubuwa uku ka lissafa, wato fararen layuka da ƙarin tsawo da inuwar rubutu, kuma a fahimtata matsaloli biyu ne. Fararen layukan da ƙarin tsawon uwarsu ɗaya, domin dukkansu suna nuna cewa injin yana jan fileks fiye da yadda ya kamata. Inuwar rubutu kuwa daban take, ta shafi inda ɗigon tawada yake sauka yayin da hed yake kai da kawowa. Babu ɗaya daga cikinsu da sabon hed yake warkarwa, hasali ma duk wanda ya ɗaura sabon hed dole ne ya sake yin waɗannan saiti daga farko.

Yadda injin yake gina hoto

Babban injin bugu ba ya buga hoto a lokaci ɗaya. Keken da ke ɗauke da hed yana ratsawa daga gefe zuwa gefe yana fesa ziri guda, sai inji ya ja fileks gaba kaɗan, sannan keken ya sake ratsawa. Wannan ɗan jan da ake yi tsakanin ratsawa da ratsawa shi nake kira taku, masu gyara kuma sukan ce sitef. Hed irin naka yana da ƙofofin feshi 1,080, an jera su sahu shida, kowane sahu ƙofa 180, tsawon sahun kuwa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. Idan hed ɗaya ne ke bugu a fas 4, wato yana ratsa kowane wuri sau huɗu, kowane taku ya kama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na incin nan, wato milimita 6 da 'yan kai. Ke nan kafin a gama fileks mai mita 3, injin ya yi taku kusan 470.

Yanzu ka ɗauka a kowane taku injin yana wuce wuri da milimita 0.02 kacal, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. A taku ɗaya wannan ya isa ya bar siririn wuri da tawada ba ta rufe shi sosai ba, shi ne farin layin da kake gani. A taku 470 kuwa ya taru ya zama milimita 9, shi ne santimita ɗayan da ka tarar a tef ɗinka. Da a ce takun gajere ne, da layukan sun fito masu duhu saboda ziri yana hawa kan ziri, aikin kuma ya gaza tsawon da aka nema. Wannan ƙa'ida tana da sauƙin riƙewa: farin layi da ƙarin tsawo suna nufin taku ya yi yawa, baƙin layi da ragin tsawo suna nufin taku ya yi kaɗan.

Gwaji biyu kafin ka taɓa komai

Kafin ka canza ko da lamba ɗaya, ka buga gwajin ƙofofin feshi a kan farar sitika mai tsabta, ka duba shi a wurin da yake da haske, in da hali da gilashin ƙara girma. Idan kowane launi ya fito da 'yan layukansa masu kama da matakala a cike, babu gurbi, babu layin da ya karkace ya bar sahunsa, to hed ɗinka lafiyarsa ƙalau, maganar saye ta ƙare. Idan akwai gurbi, sai ka lura da layukan da ke jikin aikinka. Layin da toshewar ƙofa take haifarwa yakan bayyana ne a launi ɗaya, misali a cikin shuɗi kawai ko a cikin ja, alhali layin taku yana ratsa dukkan launuka a tazara iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma gurbin da yake canza wuri bayan kowane wanki, yau yana nan gobe yana can. Wannan yawanci ba toshewa ba ce, iska ce ta shiga, ko damfa, wato 'yar ma'ajiyar da tawada take bi kafin ta shiga hed, ta gaji, ko kofin da hed yake hutawa a kai ba ya manne da kyau. Shi ya sa na ce ka daina yawan wanki. Wanki goma a jere yana cinye tawada, yana cika tankin sharar tawada, kuma idan damfa ba ta da ƙarfi yakan ƙara jawo iskar ne.

Gwaji na biyu na inuwar rubutu ne, kuma minti biyar ya ishe shi. Ka shiga manhajar sarrafa injin ka mayar da bugu ya zama na hanya ɗaya, wato hed ya fesa yayin tafiya kawai, ya dawo ba tare da feshi ba. Ka sake buga ƙaramin rubutun da ya ba ka matsala, baƙi a kan fari. Idan inuwar ta ɓace, to saitin kai da kawowa ne ya goce. Idan tana nan, to ko dai hed biyun ba su yi daidai da juna ba, ko ɗaya ya zauna a karkace, ko kuma ya yi nisa da fileks.

Abin da hannu zai gyara kafin lamba

Mafi yawan kuskuren da nake gani shi ne mutum ya zauna gaban kwamfuta yana ta sauya lambobi alhali matsalar tana jikin ƙarfe. Lamba ba ta gyara rolar da ta cika da datti. Ka kashe injin, ka duba doguwar rola mai kaushi da take jan fileks daga ƙasa. Burbushin fileks da gam ɗin sitika da ƙura sukan cike kaushinta, sai kaurinta ya canza ko ta riƙa sulɓi. Ka goge ta da buroshi mai tauri. Ka duba ƙananan tayoyin da ke danna fileks daga sama, ka tabbata dukkansu suna juyawa kuma ƙarfin danninsu ɗaya ne, domin idan na dama sun fi na hagu ƙarfi fileks zai riƙa tafiya a karkace, ya yi kumburi a tsakiya, har hed ya goge shi. Ka taɓa bel ɗin motar ja da na keken hed, ka ga ko sun saki.

Sai nauyin nadin kansa, wanda mutane da yawa ba sa lissafi da shi. Nadin fileks mai faɗin ƙafa 5 da tsawon mita 50, mai nauyin giram 440 a kowace murabba'in mita, ya haura kilo 33. Injin da yake jan wannan nauyi a farkon nadi ba daidai yake ja da lokacin da saura mita biyar ba. Idan ka lura layukan suna canza kama yayin da nadi yake raguwa, to daga nan ne. Magani shi ne nadin ya riƙa juyawa ba tare da tirjiya ba, a kuma bar ɗan sako-sako tsakaninsa da injin. Haka ma na'urar da ke naɗe aikin a gaba: idan tana ja da ƙarfi, tana ƙara wa taku tsawo, kuma tana daga cikin abubuwan da nake zargi a matsalarka. Idan da ita kake aiki, to da ita za ka yi saiti, kada ka saita tana kashe sannan ka kunna ta lokacin bugu.

Akwai kuma zirin inkoda, siririyar ledar nan mai haske da ta miƙe a bayan keken hed daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A jikinta akwai ƙananan layuka, a irin injinka galibi 180 a kowane inci, kuma su ne keken yake ƙirgawa don ya san inda yake. A wata shekara cikin hunturu an kira ni wani shago inda rubutu yake fitowa da inuwa a gefen hagu kawai, dama kuwa tas. Mai shagon ya riga ya kwana biyu yana sauya lambobi, ya gyara hagu dama ta lalace, ya gyara dama hagu ta koma. Da na haska zirin da fitilar waya sai na ga wani wuri mai faɗin yatsa uku ya yi dusu-dusu, ƙurar hunturu ta haɗu da tururin tawada ta manne. Muka jiƙa tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta muka goge shi a hankali, muka mayar da lambobin yadda suke tun asali, aikin ya dawo daidai. Ina jan kunnenka a nan: kada ruwan wankin hed ya taɓa wannan zirin, domin yana iya cinye layukan, daga nan kuma sai sabo.

Saita taku

Idan ka gama da ƙarfe, sai ka ɗora ainihin fileks ɗin da za ka yi aiki da shi, ka kunna hita ka jira ta kai zafin da ka saba bugu da shi, wanda ga irin wannan tawada yawanci yana tsakanin digiri 35 da 45. Dalili shi ne fileks da sitika suna miƙewa idan sun ji zafi, saitin da aka yi da sanyi ba zai tsaya ba idan inji ya ɗumama. Ka bar injin ya ja kamar rabin mita kafin gwajin, don jan ya daidaita.

Hanyoyi biyu ne, kuma ina so ka yi duka biyun. Ta farko ta awo ce. Ka zana dogon akwati mai tsawon milimita 1,000 daidai, ka buga shi ta yadda tsawon zai bi hanyar da fileks yake tafiya, ka yanke, ka shimfiɗa shi a tebur ya huce, sannan ka auna da rula ta ƙarfe. Kada ka yi amfani da tef ɗin tela, domin shi kansa yana miƙewa. Bisa abin da ka faɗa, ina tsammanin za ka sami kusan 1,003. Wasu manhajojin suna da gurbi biyu, ka rubuta tsawon da ka nema da wanda ka samu, su yi lissafin da kansu. Idan taka ba ta da shi, ka ninka tsohuwar lambar taku da tsawon da ka nema, ka raba da tsawon da ka samu. A misali, idan tsohuwar lambar 5,000 ce, sai ka ninka ta da 1,000 ka raba da 1,003, ka sami 4,985. Ka rubuta tsohuwar a takarda kafin ka goge ta, sannan ka sake bugawa ka sake aunawa, domin akwai injinan da ƙara lamba a cikinsu rage taku yake yi, kuma awo na biyu ne zai nuna maka ko ka nufi inda ya dace.

Hanya ta biyu ta ido ce, kuma ita ce mai cire layin. Injin yana da gwajinsa na taku, inda yake buga ziri biyu ko jerin layuka, ya ja fileks, ya sake buga wasu a kansu. Abin da kake nema shi ne wurin da biyun suka haɗu babu gibi babu hawa. Injinan Roland da na Mimaki ma haka suke yi, kowanne da sunan da ya ba abin, wasu injinan HP Latex kuwa suna da ɗan ido a ƙarƙashin takarda da yake kallon bayanta yana gyara taku da kansa. Irin naka ba shi da wannan ido, naka idon ne zai yi aikin. Bayan gwajin, ka buga fili mai launin toka ko shuɗi mai duhu, faɗin tafin hannu biyu, domin a irin waɗannan launuka ne layi ya fi tona kansa.

Wani lokaci za ka tarar lambar da ta kawar da layi gaba ɗaya ta bar tsawon da saura milimita ɗaya ko biyu a mita, saboda fileks ya ɗan tsuke bayan ya huce. A nan kada ka sake taɓa taku. Ka bar shi inda hoto ya fi kyau, ragowar kuma ka gyara ta a manhajar da ke shirya aikin, irin su Maintop ko PhotoPrint, inda ake iya ƙara ko rage tsawon hoton da ɗan kaso. Sannan ka sani cewa lambar da ka samu ta wannan fileks ɗin ce kaɗai. Sitika ta fi shi siranta da santsi, fileks mai bayan toka ya bambanta da mai bayan fari, har fileks na kamfani biyu masu nauyi ɗaya sukan bambanta. Ni ina da ɗan littafi a ɗaure a jikin inji, kowane irin kaya da lambar takunsa da zafin hitarsa da yawan fas ɗinsa, kuma ban ga abin da ya rage mini asarar kaya kamarsa ba.

Zaman hed da saitin kai da kawowa

Sai bayan taku ya zauna ake komawa kan hed, domin gwaje-gwajen hed da yawa suna dogara ne da jan da injin yake yi. Farko tazarar hed da fileks. Yawanci milimita 2 ko kusa da haka ake so, kuma ga dalilin da ya sa take da muhimmanci. Ɗigon tawada ba ya faɗowa a miƙe, domin keken yana gudu lokacin da aka fesa shi, kamar mutum ne a kan babur ya saki dutse, zai sauka gaba da inda aka sake shi. Mu ɗauka keken yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa, ɗigon kuma yana sauka da gudun mita bakwai a daƙiƙa. A tazarar milimita 2, ɗigon zai sauka kusan milimita 0.3 gaba da inda aka fesa shi, a tafiya zuwa dama, a dawowa kuma zuwa hagu. Saitin kai da kawowa shi ne yake gaya wa injin ya riga fesawa da daidai wannan gwargwado don ɗigon tafiya da na dawowa su faɗa wuri guda. Idan aka ɗaga hed da rabin milimita kawai, ko aka sauya kaya mai kauri da marar kauri, ɗigon biyun za su rabu da kusan milimita 0.14, wato faɗin ɗigo huɗu a bugu mai ɗigo 720 a inci. Inuwar da kake gani ke nan. Don haka ka tuna ko an taɓa ɗaga keken a watan da ya wuce, wataƙila bayan hed ya goge wani fileks, domin sau da yawa daga nan labarin yake farawa.

Bayan tazara, sai miƙewar kowane hed a mazauninsa. Gwajin yana buga dogon layi a tsaye cikin ziri biyu ko uku. Idan layin ya fito kamar haƙoran zarto, kowane ziri ya ɗan kwanta, to hed ɗin a karkace yake, kuma wannan da sukurun da ke jikin mazaunin ake gyara shi, ba da lamba ba. A sassauta, a juya sukurun saiti kwata ɗaya, a ɗaure, a sake gwaji. Aikin haƙuri ne, kuma a kashe injin a cire wuta kafin hannu ya kusanci wayoyin hed, domin taɓa su da wuta a jiki yana ƙona hed da allon da ke sarrafa shi. Idan hed biyun sun miƙe, sai a daidaita na biyu da na farko, hagu da dama, sannan gaba da baya, ta yadda inda ɗaya ya tsaya nan ɗayan zai ɗora. Kuskure a wannan wuri yana haifar da layi mai kama da na taku.

A ƙarshe ne ake yin na kai da kawowa. Injin zai buga jerin layuka masu lamba, sifili a tsakiya, masu ƙari a gefe guda, masu ragi a ɗaya gefen. Ka zaɓi lambar da layin sama da na ƙasa suka zama ɗaya, ka ƙara ta ko ka rage ta daga wadda take ciki, ka adana, ka sake bugawa har sai mafi kyau ya faɗo a kan sifili. Kowane gudu yana da nasa saitin, don haka idan kana bugu da gudu biyu, sai ka yi wa kowanne. Ka kuma duba gwajin a hagu da tsakiya da dama. Idan tsakiya ya yi daidai amma gefe ya goce, to teburin injin ko dogon ƙarfen da keken yake bi bai kwanta daidai ba, ko kuma iskar da ke tsotse fileks ta yi rauni a wannan gefen.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Masu ƙera waɗannan injina suna son damshin iska ya kai kashi 35 cikin ɗari zuwa sama, alhali a tsakiyar hunturu a Kano ko Sakkwato yakan sauka ƙasa da kashi 20. A irin wannan bushewa sitika tana tara wutar gogayya, tana janye ƙananan ɗigo daga hanyarsu, sai ka ga wani hazo a gefen rubutu wanda babu lambar da za ta cire shi. Wayar atin mai kyau, wato wadda take zubar da wuta cikin ƙasa, da aka binne a ƙasa mai damshi, da rufe ƙofar shago, da na'urar ƙara damshi ko da ƙarama ce, sun fi kowane saiti amfani a nan.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, tun da ban ga injin ba ban kuma ga gwajin ƙofofinsa ba. Idan ka bi waɗannan matakai lambar taku ta ƙi zama, yau ka saita gobe ta goce a kan kaya iri ɗaya, to abin ya wuce saiti, sai a duba motar ja da inkodarta da giyar, wato ƙarfe mai haƙora, da ke tsakaninsu, wannan kuwa aikin mai gyara ne da kayan awonsa. Haka nan idan gwajin ya nuna ƙofofi da yawa sun karkace a wuri guda kuma jiƙa hed na dare ɗaya bai dawo da su ba, musamman in ya taɓa gogar fileks, to a nan ne maganar sabon hed take da tushe. Kafin ka kai can, ka ware rabin yini da babu aikin kowa a hannunka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ka tanadi mita biyar na fileks da rula ta ƙarfe, ka ɗauki hoton dukkan lambobin da ke cikin manhajar da wayarka kafin ka taɓa ko ɗaya. Idan ka buga gwajin ƙofofin da akwatin mita ɗayan, ka turo mini hotonsu da abin da rula ta nuna, in sha Allahu za mu ɗora daga nan.